Koyar da Bugun Monotayif a Sakkwato: Gwaji Ake Yi, Amma Ba Kara-zube Ba

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara basira. Kin ce kina koyar da zane a wata sakandaren 'yan mata a nan cikin gari, kina son shigo da bugun monotayif, amma ba ki da injin matsa takarda, ɗalibai sun yi yawa, ga shi kuma wani abokin aikinki ya ce barin yara su yi ta gwaji ɓarnar tawada ce kawai, gara ki nuna masu daki-daki su kwaikwaya. Kina tambaya wace hanya ta fi.

Ta gwaji ake koyon wannan aiki, Malama, ban san wata hanyar ba. Amma kada ki yar da maganar abokin aikinki duka, akwai gaskiya a cikinta. Idan kika zube wa yara tawada da gilashi kika ce kowa ya yi abin da ya ga dama, za ki tashi da baƙaƙen hannuwa, da hijabai masu tabo, da tulin takardun da ba wanda zai iya gaya maki yadda aka yi suka fito haka. Gwajin da ke koyarwa shi ne wanda a kowane bugu abu ɗaya tak ake canzawa, kuma a rubuta abin da aka canza. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya hau.

Saboda masu karatu da ba su san aikin ba: ana shafa tawada ko fenti a kan abu mai santsi wanda ba ya shan ruwa, gilashi ko tayil ko farantin ƙarfe, a yi zanen a jikin tawadar, a ɗora takarda a murza bayanta, a ɗaga. Zanen ya koma kan takarda. Da yake ba a sassaƙa komai a jikin gilashin ba, ba za a sake samun wannan hoton ba, guda ɗaya ne ke fita. Nan ya bambanta da bugun katako ko na lino (wata irin shimfiɗar daɓe mai laushin sassaƙa), inda in ka sassaƙa sau ɗaya sai ka buga hamsin iri ɗaya. Ɗalibanki ba za su sha wahalar gane wannan ba, kusan dukansu sun riƙe allo: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Haka gilashin yake, sai dai kafin a wanke shi takarda ta ɗauke abin da ke kai.

Dalilin da ya sa kwaikwayo ba ya aiki a nan shi ne sakamakon ya rataya ne a kan abubuwan da ba su tsayuwa wuri ɗaya. Kaurin tawadar da ke kan gilashi, danshin takarda, ƙarfin hannun mai murzawa, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a ɗora takarda. Ki yi bugu a gabansu ya fito tas, ɗaliba ta bi sawunki ɗaya bayan ɗaya, nata ya fito dishi-dishi, don kawai ta tsaya gyara mayafi na minti biyu tawadar ta sha iska. In ba ta taɓa gwada jira da gangan ta ga abin da yake haifarwa ba, sai ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Yara da yawa a nan suke yanke ƙauna da zane.

Mu kuma a Sakkwato muna da wani abu da littattafan koyarwa ba su lissafa da shi ba, don akasarinsu a ƙasashen sanyi da laima aka rubuta su. Za ki karanta cewa tawadar ruwa tana ba ki minti goma ko fiye kafin ta bushe. Ki gwada a watan Janairu, hunturu na kaɗawa, ki gani. Ko a Afirilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Kafin yarinya ta gama tunanin abin da za ta zana, gilashin ya bushe ƙayau. A watan Agusta kuwa, da damina ta zauna, takardar da kika buga jiya da tawadar mai za ki same ta tana danƙo har yau. Saboda haka ƙa'idar da kika koyar a zangon farko ba lallai ta yi aiki a zango na uku ba. Abin da zai bi ɗalibai duk shekara shi ne su iya duban tawada da taɓa takarda su gane halin da suke ciki.

Zancen kaya ba shi da tsawo. Ba kya buƙatar inji. Gilashin luba na taga ya wadatar, ki naɗe gefunansa da salatif saboda yanka, ko ki nemi ragowar farar tayil mai santsi wajen masu gini, wadda ma ta fi aminci a hannun yara kuma farinta na nuna zanen sosai. Bayan cokali shi ne injinki. Rola ta roba ita ce abin da ya kamata ki kashe wa kuɗi, ko guda uku ne a yi karɓa-karɓa. Tawada kuwa, ki je wajen masu maɗaba'a, waɗanda ke buga kalanda da katin biki, ki sayi baƙar tawadarsu ta inji. Ta mai ce, ba ta saurin bushewa a kan gilashi, kuma ƙaramin gwangwani zai kai ki zango guda don kaɗan ake ɗiba. Tana da tauri. In ta ƙi bin rola, ɗigo ɗaya ko biyu na man linsid da masu sayar da kayan fenti ke ajiyewa zai sassauta ta. Kada a sassauta ta da man gyaɗa: shi ba ya bushewa, zai bar wa zanen da'irar maiƙo a takarda. Amfanin man gyaɗa a wajen wanki yake. A zuba kaɗan a gilashi da rola, a goge da tsohuwar jarida, a bi da sabulu. Ya fi kananzir, balle fetur, wanda bai kamata ya shiga ajin da yara hamsin ke numfashi a ciki ba.

Ni da zan tsara maki, da bugun bayan takarda zan fara. A murza tawada siririya a gilashi, a ɗora busasshiyar takarda a hankali ba tare da dannawa ba, a yi zane a bayanta da biro ko fensir. Duk inda bakin biro ya bi, tawada ta kama ta ciki. In aka ɗaga sai a ga layi mai laushi, gefensa kamar gashi-gashi, wanda hannu kaɗai ba ya iya yinsa. Inda yatsa ya taɓa kuma sai inuwa ta fito. Gauguin, mai zanen nan na Faransa, ya yi aiki da wannan hanya sosai lokacin da yake zaune a Tahiti wajen 1900. Na zaɓe ta ne don takardar A4 ta ofis ma tana yi, kuma don ita ce ke koya darasin da ya fi kowane muhimmanci, wato yawan tawada. Kusan kowane sabon hannu yana cika tawada. Kada ki gaya masu. Ki ce kowace ƙungiya ta yi bugu uku da zane iri ɗaya: na farko da tawadar yadda suka murza ta, na biyu bayan sun ɗora jarida sun shafe ta da tafin hannu sun ɗauke, na uku bayan sun yi haka sau biyu. Su jera ukun a ƙasa. Na farko zai fito baƙi ƙirin, layin ya nutse. A cikin sauran biyun za su ga wanda ya yi. Daga ranar ba sai kin sake cewa a rage tawada ba, gani ya kori ji.

Ki kuma koya masu saurare. Rola in tana tafiya a kan tawadar da ta yi daidai, wani siririn sauti take yi, tsss, fuskar tawadar kuma ta yi lumus. In ana jin caɓal-caɓal, tana tashi da ƙananan tsini, ta yi yawa.

Zama na gaba shi ne wanda na fi so, kuma shi ne asalin sana'ar. A rufe gilashin duka da baƙi, sannan a fitar da hoton ta hanyar gogewa. Ba a ƙara komai, haske ake tonowa daga cikin duhu. Mutumin da ake danganta ƙirƙiro monotayif da shi, Giovanni Benedetto Castiglione, ɗan birnin Genoa a Italiya, haka ya yi wasu ayyukansa a shekarun 1640, yana kankare fararen layuka daga farantin da ya shafe da tawada. Edgar Degas, wani mai zanen Faransa, shi ma daga tsakiyar shekarun 1870, da tsumma da yatsunsa ya riƙa yi, ya bar ɗaruruwan irin wannan bugu. A wannan zaman abin da za a riƙa canzawa shi ne abin gogewar, sauran komai ya tsaya yadda yake. Tsumman atamfa da aka naɗe a yatsa daban yake da na shadda. Alƙalamin kara, irin na makarantar allo, yana ba da farin layi mai kaifi wanda ke faɗi da sirancewa gwargwadon yadda aka karkata shi, kuma ban ga abin da ya kai shi a wannan aiki ba, har cikin kayan da ake sayowa daga waje. Tsinken tsintsiya, auduga a bakin ashana, tsohon buroshin haƙori, soson wanka, guntun kwali da aka yi wa haƙora da almakashi: kowanne da sawunsa. Kafin su zana wani abu, kowace ɗaliba ta raba gilashinta gida shida, ta gwada abu shida, ta buga, ta rubuta sunan kowanne a ƙarƙashinsa. Wannan takardar ta fi kowane hoto da za ta yi a wannan mako daraja, don ita za ta riƙa dubawa duk lokacin da take neman yadda za ta fitar da ƙaiƙayin gero ko hasken fitila.

Akwai ribar da wannan hanya ke da ita wadda ba a cika faɗa ba. Yarinyar da ta saba jin cewa ba ta iya zane ba, farar takarda tsoro take ba ta. Baƙin gilashi ba ya ba ta wannan tsoron. In ta ɓata, rola ɗaya ta shafe, ta sake. Sau da yawa waɗanda ba su yi fice da fensir ba su ne ke ba da mamaki a nan, masu gwanintar fensir kuma su tsaya suna neman layin da za su bi.

Bayan an ɗaga bugun farko kada a wanke gilashin. Akwai sauran tawada a kai. A ɗora wata takardar, mai ɗan danshi in da hali, a murza da ƙarfi. Abin da zai fito shi ne inuwar na farkon, fari-fari, kuma wani lokacin ya fi shi kyau. Degas ya riƙa ɗaukar irin wannan bugu na biyu yana bin kansa da alli mai launi har ya zama cikakken hoto. Ga mai ƙarancin kaya irinki, wannan riɓi biyu ne: tawada ɗaya, takarda biyu, ta biyun kuma ta zama aikin gida, su je su ƙarasa ta da fensir mai launi.

Danshin takarda shi kansa zama guda ne. Takardar zane mai kauri ba ta ɗaukar tawada da kyau a bushe in da cokali ake murzawa. A yayyafa mata ruwa, a jera a cikin leda a rufe tun kafin a shiga aji, ruwan ya ratsa ta. Lokacin bugu ta kasance da sanyi a hannu amma ba ta ƙyalli. Da hunturu, a fito da ita ɗaya-ɗaya, in kika baza su a tebur kafin ki juya sun bushe. Su buga busasshiya, da mai sanyi, da jiƙaƙƙiya sharkaf, su kwatanta.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi dacewa da garinmu, kuma da wuya ki same shi a farkon littafi. Maimakon ki yi ta tsere da bushewa, akwai hanyar da bushewar ake so. Ki jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana, ki tace da ƙyalle. A shafa shi siriri a gilashi a bar shi ya bushe. A yi zane a kai da fentin ruwa, a natse, ba gaggawa, a bar shi shi ma ya bushe sarai. Sannan a ɗora takarda mai danshi a murza. Danshin zai narkar da ƙaron da ke ƙasa, fentin ya saki gilashi ya bi takarda. Ƙaro dai shi ne abin da ke riƙe launi a cikin fentin ruwan da ake sayarwa a kanti, kuma shi ne ke cikin tawadar allo, shi ya sa take wankuwa. Don haka tawadar allo ma tana yi, tana ba da baƙi mai taushi wanda ya karkata zuwa toka. In fentin yana tattaruwa ɗigo-ɗigo a gilashi ya ƙi shimfiɗuwa, a taɓa buroshi a ruwan sabulun wanke-wanke kaɗan. Fentin akirilik ba ya yi a wannan hanya, in ya bushe ruwa ba ya tayar da shi. Amfaninta a wajenki babba ne: ɗalibai za su iya yin zanen yau a buga gobe, ba wari, wanki da ruwa ne kawai, kuma zafin da ke ɓata wa wasu aiki ke gaggauta naki. Sai dai bugun cokali a nan yana fitowa da haske fiye da na inji, takarda mara kauri sosai ta fi ɗauka. Gwajin da za su yi shi ne na kaurin ƙaron, don in ya yi yawa takarda na manne wa gilashi ta yage.

Daga nan sai a shigo da abubuwan da ake ɗorawa tsakanin tawada da takarda. Ganyen dogonyaro da ke zube a harabar kowace makaranta, ganyen zogale, guntun buhun albasa mai raga, zaren buhu, gefen tsohuwar tabarma, ragowar leshi daga wajen tela. A yanka takarda da siffar dagi ko zanen aska irin na babbar riga a ɗora a matsayin kariya, wurin ya fito fari. A cire ganyen a sake bugawa, sai jijiyoyinsa su fito. Wannan ya kuma warware maki wata matsala da na san za ta taso, ta iyayen da ba su son a sa 'ya'yansu zana mai rai. Monotayif bai dogara da surar mutum ko dabba ba. Zanen lalle da ɗalibanki suka riga suka ƙware a kai, adon da dukawa ke yi a jikin fata, zayyanar allon sauka, zanen bangon soro, duk kayan aiki ne, kuma nasu ne.

Hoto yana juyawa a bugu, dama ta koma hagu. Kada ki yi masu gargaɗi. Ki bari kowa ta rubuta sunanta a bugun farko, da boko ko da ajami, ta ɗaga ta gani, dariyar da za a yi ta isa darasi. Amma ki kafa doka tun ranar farko cewa ba a gwaji da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah. Takardun gwaji suna faɗuwa ƙasa, ana taka su, ana goge rola da su.

Game da abokin aikinki, in ya sake tayar da maganar ki ba shi labarin Bruce Onobrakpeya, mai zanen nan ɗan Najeriya, wanda ya shiga kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya a 1957, ya kasance cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Demas Nwoko. A 1967 asid, wanda ake cin zane da shi a jikin ƙarfe, ya ɓata masa farantin bugu, ya cike wurin da gam mai ƙarfi don ya gyara, sai ya ga abin da ya fito ya fi abin da ya nufa. Daga nan ya gina salon bugun da aka san shi da shi a duniya, kuma a 1998 ya fara tara masu zane a garinsu Agbarha-Otor a Jihar Delta suna gwaje-gwaje tare. Mutane suna son ba da wannan labari a matsayin sa'a. Ni ba haka nake kallonsa ba. Faranti ya ɓaci a hannun mutane da yawa kafin shi, suka jefar. Shi yana da shekara goma a cikin aikin, idonsa ya san abin da yake gani, kuma ya iya komawa ya maimaita abin da gangan. Wannan iya maimaitawar ita ce kike son ɗalibanki su samu, kuma ita ce amsar masu cewa gwaji wasa ne.

Shi ya sa nake matsa wa a kan rubutu. A bayan kowane bugu, da fensir, a sa kwanan wata, irin tawada, irin takarda, busasshiya ko mai danshi, da abin da aka canza daga na baya. Layi biyu ya isa. Ba a yar da ko ɗaya, har wanda ya fi muni, a haɗa su a cikin jakar kwali. Minti goma na ƙarshen kowane zama a shimfiɗa ayyukan a ƙasa a zagaye su. A nan ki riƙe bakinki daga cewa wannan ya yi kyau, wancan bai yi ba, don da zarar kin yaba ɗaya, mako mai zuwa za ki samu arba'in irinsa. Ki nuna wani wuri a jikin bugu ki ce, wa zai gaya mana abin da ya jawo wannan? In mai shi ta ce ba ta sani ba, aikinta na gaba shi ne ta sake fitar da shi. Wajen ba da maki ma haka: kaso mafi girma ya tafi ga jakar gwaji da bayanin da ke bayan takardu, da ko ɗaliba za ta iya sake samar da wani tasiri in an ce ta yi. Hoton ƙarshe ya ɗauki ƙaramin kaso. In kika juya wannan, masu wayo za su daina gwaji su tsaya a kan abu ɗaya da ya taɓa yi masu kyau.

Yawan ɗalibai kuma, ki raba su biyar-biyar ko shida-shida a kan gilashi biyu. Wurin murza tawada ya zama guda ɗaya a aji, kusa da ke, ke ce mai ɗibar tawada daga gwangwani. A kowace ƙungiya a samu mai tsabtataccen hannu wadda ita kaɗai ke taɓa takarda, a riƙa juyawa. Ki nemi a haɗa maki darasi biyu a jere, don minti arba'in shiri da wanki kaɗai za su cinye shi. Su zo da tsohuwar riga su ɗora a kan yunifom, a kuma ɗaure hijabi ta baya. Ki ɗaura igiya a ƙarshen aji a rataye bugun da maƙalen shanya, kada a jibga su kan juna, tawadar maɗaba'a na iya kwana biyu ko uku ba ta bushe ba, da hunturu kuma a rufe taga ta gefen iska saboda ƙura na manne mata.

Kin ambaci farantin jelatin, wato faranti mai laushi kamar roba da ake bugu a kansa maimakon gilashi, da kika gani ana haɗawa a bidiyon YouTube. Yana ɗaukar sawun ganye da kyau ƙwarai, amma jelatin yana narkewa ƙasa da zafin jikin mutum, wajen digiri 35, ajinki kuwa yana wuce haka watanni da dama a shekara. Ko an haɗa shi da gilisarin yana yin laushi, sai da firji, ga halin wutarmu. Wani jelatin ɗin kuma daga fatar alade ake yinsa, sai kin duba kwalin kin tabbatar na shanu ne. In kina son gwadawa ki bari sai Disamba ko Janairu, ki yi ƙarami ɗaya a faranti ki gani da safe kafin rana ta ɗaga.